Ranar da Inna ta zare igiyar kwamfuta

Kwamfutar da nake magana ba wata ta a zo a gani ba ce. Tsohuwa ce mai akwati, irin wadda ake turawa ƙarƙashin tebur, gilashinta daban, allon rubutunta daban. Na saye ta hannu na biyu a Yamai shekarar da aka turo ni koyarwa kwalejin Dogon Dutsi, don in riƙa shirya darasi da jarrabawa a gida. Ba ta da batir. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ita ma ta ɗauke, kuma kuran na garinmu ba ya sallama in zai tafi. Na saba da halinta. In ta yi nauyi in zage ta, in na gaji in kashe ta in kama wani aiki.

Abin da ya mai da ita dukiya shi ne muryar Baba. Bazararsa ta ƙarshe a duniya a gidana ya yi ta. Mun ɗauko shi daga ƙauyenmu na wajen Gesheme saboda ciwon ƙirji, ana duba shi gidan likita. Mutum ne da bai iya zama shiru ba, ga shi an raba shi da gona da abokan hira. Sai na aro ɗan mikro na jona da kwamfuta, na ce ya yi ta faɗi. Da farko ya ɗauka gidan rediyo za a kai, har ya sa aka miƙo masa hularsa. Ya yi zancen rijiyar da suka gina shi da ƴan'uwansa, da shekarar fara, da wani irin gero da ya daina ganin ana shukawa, da yadda ya yi ta sintiri ƙauyensu Inna a kan jakin aro. Tsakanin zancen akwai tari, akwai kukan akuyar maƙwabta, akwai muryar Inna daga nesa tana ce masa kunu ya huce. Kafin a yi shuka ya rasu.

Da Inna ta fita takaba sai ta dawo wurina da zama. Ni ce ƴar fari, don haka ba ta kiran sunana, kamar yadda ban taɓa jin ta kira nasa ba. In la'asar ta yi sanyi sai ta ɗauko ƙwaryar wake ko ta gujiya, ta zauna bakin ƙofar ɗaki ta ce, "Ke ɗiyar ga, tada min tsohon ga." In kunna mata. Ba sauraro kawai take yi ba, gardama suke. In ya ce jakin na kawunsa ne sai ta ce, "Ƙarya kaka yi, na maƙeri na." In ya ce shi ya koya mata dama fura sai ta yi tsaki ta watsa ɓawon gujiya wajen tebur. In ya yi tari ta ce masa sannu. Da farko abin yana sa ni hawaye, daga baya na saba, har nakan yi gyaran takardun ɗalibai suna faɗansu. Likita ya sha ce mini in lura da cin abincinta, kuma na lura ranar da ta yi hira da tsohon ta fi cin tuwo.

Inna tana tsoron aradu, tsoro na gaske. Tana yarinya tsawa ta faɗa ma wata bukka a ƙauyensu, kuma ta ga abin da aka fitar daga ciki. Ban da haka, a wajenmu tun kaka da kakanni, in hadari ya haɗo daga gabas akwai aikin da mace ke yi kafin ɗigon farko. A rufe madubi da zane, a kife tasa da duk wani abu mai ƙyalli, a kashe rediyo, wanda ke sanye da jan tufa ya tuɓe. Da ta zo birni sai ta ƙara da nata: duk igiyar da ta gani soke a bango sai ta zare. Ban taɓa hana ta ba, don ni ma a kan haka na tashi, kuma zare igiya lokacin tsawa ba wauta ba ce.

Wata rana da damina, bayan azahar, na haɗa kwamfutar da intanet ta wayata don in sauko da wasu takardun darasi. Ita kuwa ta samu hanya, ta jawo abin da ake ce ma mizajur, wato sabunta tsarin da ke tafiyar da ita kanta. Da na zo kashe ta sai gilashi ya koma shuɗi, ƴan ɗige-ɗige suna zagaye, ga rubutu da Faransanci cewa ana aiki, kada a kashe na'ura. Na san wannan gargaɗi, kuma na san abin da yake nufi. Na zauna ina gadi, ina roƙon Allah kada kuran ya yi halinsa. Ana cikin haka iska ta taso mai sanyi, ƙofa ta buga. Na tuna da shanyar da na yi bayan gida, har da zannuwan gado, na fita a guje.

Ban daɗe ba. Na kwaso kaya, na kore awaki cikin rumfa, na shigo ruwa na bin bayana. Ɗaki ya yi duhu kuma ya yi tsit. Madubi a rufe, tasoshi a kife, gilashin kwamfuta lulluɓe da zanen Inna mai ruwan ƙasa. Igiyar tana yashe a kan siminti.

Inna tana bakin gado da tasbaha a hannu. Ta ce, "Kin manta ordinatar kunne, shina ta haske awa madubi. Allah ya so nig gani. Na kashe miki komi."

Ni mace ce mai saurin baki, ɗalibaina shaida ne. Maganar da ta taso mini a lokacin, da ta fito, da har yau ina neman gafara. Na dubi fuskarta, fuskar wadda ta yi abin kirki tana jiran a gode mata. Na haɗiye. Na ce, "Kin kyauta, Inna." Na zauna bisa kayan shanya, muna jin tsawa tana faɗuwa can wajen dutsi.

Da ruwa ya ɗauke na mai da igiya na danna maɓalli. Ta yi ƙugin da ta saba, alama ta fito, ɗige-ɗigen suka fara zagaye. Har na fara sakin numfashi. Sai gilashi ya yi baƙi, ta sake tashi da kanta. Alama, ɗige-ɗige, baƙi. Ta sake tashi. Daga baya ta rubuta cewa tana ƙoƙarin gyara kanta, sannan ta rubuta cewa ta kasa. Na kashe na kunna, na kashe na kunna, kamar mai girgiza wanda ya suma. Darussana da jarrabawa ban ko tuna da su ba, waɗannan ana sake rubuta su. Muryar Baba kuwa nan kaɗai take a duk faɗin duniya, cikin akwatin da ya ƙi buɗe ido.

La'asar na yi sai ga Inna da ƙwaryarta. "Ke ɗiyar ga, tada min tsohon ga."

Na ce, "Kuran ba shi da ƙarhi yau, Inna. Ruwan ga ya taɓa wayoyi. Sai gobe."

Ta ce to, ta zauna ta ɓare wakenta shiru. Gobe ta yi na sake cewa kuran. Jibi ma haka. Tsoro biyu ne suka sa ni gaba. Na farko kada muryar ta tafi. Na biyu, wanda ya fi hana ni sukuni, kada Inna ta gane cewa hannunta ne ya yi sanadi. Na san uwata. Matar da ta yi jinyarsa ba ta taɓa barin kowa ya ɗaga masa kai ba sai ita, in aka ce mata ita ta rufe masa baki, ba za ta yi kuka ba, ba za ta ce komai ba, abinci kawai za ta daina ci. A aji ina rubutu a allo sai in tsaya da alli a hannu, na manta abin da nake cewa. Tuwon da nake zuba mata kuwa ya fara dawowa rabi.

Da na ga abin ya fi ƙarfina sai na naɗe akwatin cikin zane, na hau kabu-kabu na kai shi wajen wani mai gyara kusa da tasha. Saurayi ne mai fara'a, shagonsa cike da caja da wayoyi da matasa masu jiran a zuba musu waƙa. Na ajiye, muka fara gaisuwa. Ina aiki, ina gida, ina ruwa. Bakinsa na gaisuwa hannunsa na aiki. Kafin mu kai ga "ina ƴan makaranta" ya riga ya jona igiyoyi, ya soka wata ƴar kile, ɗan abin nan da ake kwafe bayanai a ciki, a jikin akwatin, yana ta danne-danne ba tare da ya dubi allon rubutu ba.

Na ce, "Ƙanena, mi kaka yi?"

Ya ce, "Formate za ni yi, Madam. Sistem ɗin na yab buge. Yanzun ga shi koma sabo hul."

"Abin da ke ciki hwa?"

"Ai dut shina tahiya. Kak ki damu, in waƙa ta ko him, ni zuba miki waɗanda sunka hi naki."

Na ga yatsansa ya nufi maɓalli. Ban san sa'ad da na cafke wuyan hannunsa ba. Ni matar aure, malamar makaranta, a gaban samarin tasha, na riƙe hannun namiji gam har ya yi ƴar ƙara. Na ce masa ya cire kilensa. Ya ɓata rai, ya ce duk garin nan haka ake yi, ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Gaskiyarsa ne. Ba mugu ba ne, magani ɗaya ya iya, kuma yawancin masu zuwa wurinsa ba abin da suke tsoron rasawa. Na ba shi haƙuri na naɗe kayana. A kan babur na rungume akwatin a ƙirji, duk ramin da muka faɗa sai in ƙara ƙanƙame shi. Ina ta tunanin da na tsaya amsa waya, ko na waiwaya gaida wani, da yanzu an gama.

Maƙwabciyata ce na fara faɗa ma gaskiya. Kirista ce, sakatariya a gidan likitan mishan, katanga ɗaya ta raba mu. Da Sallah in aika mata nama, da Nowel ta aiko mana shinkafa da kaji. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ita ba mai gyara ba ce, kada in ɗora mata rai. Amma ta taɓa gani a wurin aikinsu an mai da wata na'ura baya, ta koma yadda take kafin ta lalace, kuma takardun ciki ba su ɓace ba. Ba ta tabbata ta tuna hanyar ba. Abin da ta tabbata shi ne tana da faranti mai ɗaukar hasken rana da batir, wutarta ba ta yankewa a tsakiyar aiki. Muka sa ranar Lahadi, in ta taso daga coci.

Na ce ma Inna zan je taya maƙwabciya wani rubutu. Na fitar da akwatin ta bayan ɗaki kamar ɓarauniya.

Muka jona a falonta. Kwamfutar ta yi ta zagayenta har ta gaji, ta kawo mu wani shuɗin shafi mai zaɓi iri-iri. Da Faransanci nake koyarwa kullum, amma ranar nan kalmomin sun zame mini baƙi. Ga wani zaɓi yana cewa a mai da na'ura sabuwa a share komai, kuma dab da shi ga wanda muke nema. Hannuna na kan suri, wato ɗan abin dannawa, kibiyar na ta tsalle daga wannan zuwa wancan. Maƙwabciya ta ɗaga hannuna ta ajiye bisa cinyata. Ta ce, "Ba mu danna komi sai mun karanta shi da ƙarhi, ni da ke." Haka muka yi, manyan mata muna karatu baki ɗaya kamar ƴan aji ɗaya. Muka shiga nan, muka fito, muka shiga can. A ƙarshe muka samu inda aka ce za a mai da tsarin yadda yake kafin sabuntawar, kuma aka rubuta cewa ba za a taɓa abin da mutum ya ajiye ba. Na karanta jimlar na sake karantawa. Ban yarda da ita ba, amma ba ni da wata. Na yi bisimilla, ita ta yi tata addu'ar, na danna.

Wani ɗan layi ya fito ya fara cika. Ya yi gaba kaɗan ya tsaya. Muka jira. Ta kawo mini ruwa na kasa sha. Ta fara ba ni labarin wani biki, ta ga ba na ji, ta bari. Layin yana nan inda yake. Na sa kunne jikin akwatin ina sauraron ko yana motsi a ciki. Zuciyata na ce mini ya mutu, in kashe in sake, hankalina na ce mini kashewa ce ta kawo mu nan.

Sai muka ji sallama. Inna ce, wadda ba ta shiga gidan kowa sai da dalili. Maƙwabciya ta yi maza ta miƙa mata kujera, ta ƙi, ta zauna ƙasa bakin ƙofa. Ta dubi akwatin, ta dubi zanen da na naɗo shi, sannan ta dube ni.

Ta ce, "Tun ranar ruwan ga bai sake magana ba."

Na ce, "Kuran na, Inna."

"Hitila na kamawa. Panka na juyi. Shi kaɗai kuran yag gani?" Ta nuna ƙirjinta. "Ni ta, ko? Igiyar da niz zare."

Maƙwabciya ta ce, "Inna, ai ba ki sani ba."

Inna ta ce, "Na sani ko ban sani ba, hannuna na." Ta ɗora hannun bisa gwiwarta tana kallonsa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Abin da na yi ta ɓoyewa ya riga ya fito, kuma yanzu duk abin da akwatin nan ya yanke, a gabanta zai yanke shi.

Can sai layin ya zabura ya cika, gilashi ya yi baƙi. Na ji maƙwabciya ta riƙe mini kafaɗa. Alama ta fito, ɗige-ɗigen suka zagaya, suka zagaya, na rufe ido. Da na buɗe sai ga shafina na kullum, da tarkacen darussana a warwatse yadda na bar su. Na nemi inda na ajiye muryar. Hirarrakinsa suna nan a jere. Na danna na farko, aka ji ƙarar kujera, aka ji gyaran murya, sai Baba ya ce, "An kama? To, salamu alaikum jama'a."

Na kife kai bisa tebur na yi kuka mai sauti, ban ji kunyar kowa ba. Maƙwabciya tana share ido ta ɗauko kilenta, ta ce ba inda akwatin nan za shi sai an kwafe komai. Muka kwafe, muka tura wa ƙanena da ke Yamai. Ina ta murna har ban lura da cewa Inna ta tashi ta koma gida ba.

Na same ta zaune bakin ƙofar ɗaki, ba ƙwarya a gabanta. Na jona kwamfuta, na ce, "Inna, ga shi ya dawo. Yanzu na aje shi wuri-wuri, ko akwatin ga ya ƙone ba ya ɓacewa."

Ta ce, "Wancan naku na."

Na zauna kusa da ita. Ta ci gaba, kuma ba ni take kallo ba.

"Kwanakin ga da yay yi shiru, na neme shi cikin kaina. Na ruhe ido na ce bari in ji yadda shika magana. Huskatai na gani. Tahiyatai na gani, har yadda shika jan ƙahwa in ya taso daga gona. Amma muryatai babu. Na nema, na nema, ban same ta ba. Mutumen da niy yi zama da shi tun ban san kaina ba. Ashe na bar ma akwati shina riƙe min."

Tana faɗi ni ma ina gwadawa a zuci, ina neman yadda Baba ke kirana in na yi laifi, kuma abin da na samu kalmomin ne kawai, ba sautin. Na ji tsoro, kuma wannan ba wanda zan kai wa gyara.

Ta gyara zama ta ce, "Tada shi. In na ɗaga hannu ki tsaida."

Na kunna. Baba ya yi sallamarsa, ya fara gaida mutanen da yake zaton suna saurarensa. Ta ɗaga hannu, na tsayar. Ta rufe ido. Leɓɓanta suka yi ta motsi, sannan ta faɗi maganar a hankali, tana kwaikwayon yadda yake jan ƙarshen kalma. Ta saurari kanta, ta girgiza kai.

"Ba haka shika hwaɗi ba. Maida baya."

Na mayar baya. Hannuna na kan suri har aka kira magariba, ba mu wuce gaisuwarsa ta farko ba.